Tsuntsun da ke buɗe wutsiya kamar mafici: akwai shi a Maraɗi?

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin tsuntsaye. Jikana ya gwada mini wani bidiyo cikin waya, ɗan tsuntsu na ƙasar Ostareliya, wai fantel sunansa. Ba ya zama wuri guda ko na ƙiftawar ido. Ya juya nan, ya juya can, ya buɗe wutsiya ya rufe, ya tashi ya cafke ƙwaro a iska ya komo bisa reshensa. Ni kam da na gani na ce wanga ai namu ne. Akwai wani baƙi a darnin garkata, wajen gindin kaba, wutsiya doguwa da fari-fari a bakinta, kullum da hantsi sai ya sauko ƙasa yana ɗaga ta yana baza ta. Yaron ya ce ba shi ba ne, ni na ce shi ne. Ku raba mu.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam Baba. Ni ma na san baƙin nan, yana nan bayan gari wajen ƙayoyi. Ina bayanka, shi ne. Tsuntsu ai ba ya neman biza.

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan karon jikanka ne da gaskiya. Dangin fantel, waɗanda masana ke kira Rhipidura, babu ko ɗaya a Afirka. Irinsu ya haura 50, kuma duk suna can gabas: daga Indiya da gindin duwatsun Himalaya, su bi ta Tailan da Maleziya da Indunusiya da Filifin, su cika Niyu Gini, su sauka Ostareliya da Niyu Zilan, su watsu cikin ƙananan tsibiran Tekun Fasifik. Wasu irin ma tsibiri ɗaya tak suke da shi a duniya. Yawancinsu tsawon santimita 15 zuwa 18 ne, kuma kusan rabin tsawon nan wutsiya ce. Na Niyu Zilan nauyinsa giram 8 ne kawai.

Na darninka kuwa, yadda ka siffanta shi, baƙi ƙirin, wutsiya doguwa mai farin baki, mai son kaba da ƙaya, mai kiwo a ƙasa, shi ne wanda littafi ke kira Cercotrichas podobe. Ɗan Sahel ne na asali, ana samunsa tun daga Senegal da Muritaniya har Bahar Maliya, har ya ƙetara ƙasar Larabawa. Yana da ɗan uwa a nan wurinmu, mai launin ƙasa, da farin layi bisa ido, da jar wutsiya mai baƙi da fari a ƙarshe. Shi ma haka yake ɗaga ta yana bazawa.

In kana son ka raba su da idonka, Baba, dubi ƙafa da baki. Naka ƙafafunsa dogaye ne masu ƙarfi, don a ƙasa yake neman abinci, yana tsalle yana tsinta. Fantel ƙafafunsa gajeru ne, ba su da ƙarfi, a iska yake farauta. Bakinsa gajere ne mai faɗi a gindi, ga wasu gasu masu tauri sun kewaye shi.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
To Malama, na ji. Amma ki yi mini bayani. Abu biyu, abincinsu ɗaya, rawarsu ɗaya, wutsiyarsu ɗaya, kuma ki ce ba dangi ba ne? Mu nan in munka ga yaro da tahiyar wani gida, mun san jini ne.

Malamar Kimiyya:
Baba, sana'a ce ta haɗa su. Duk tsuntsun da ke cin ƙwarin da suke ɓuya cikin ganye ko ciyawa, matsalarsa ɗaya ce: yaya zai sa ƙwaron ya motsa har ya gan shi. Dangi daban-daban, a nahiyoyi daban-daban, sun faɗa kan dabara iri ɗaya. Akwai masu yin haka a Amurka ma, kuma su ma ba su haɗa komai da fantel ba.

Kamannin nan ya ruɗi masana kansu. Akwai wani ƙarami mai rawayan ciki a Himalaya da aka daɗe ana lissafa shi cikin fantel saboda wutsiyarsa. Da aka zo aka gwada ƙwayoyin gadonsa, sai aka ga ashe ba nasu ba ne, aka cire shi. Kuma dangin da aka mai da shi suna da ƴan uwa a Afirka, har da wani shuɗi, Elminia longicauda, da ke zaune inda itatuwa suka yi duhu a kudu da mu, a Najeriya da Kamaru. Shi ma baza wutsiya yake yini.

Dangin fantel na jini kuwa, in aka bi salsala, suna cikin babban gida ɗaya da hankaka. Tushen gidan nan gaba ɗaya yankin Ostareliya da Niyu Gini ne, daga can suka bazu duniya.

Ɗan Zariya:
Hankaka fa Malama? Wancan ƙaton da ɗan wannan?

Malamar Kimiyya:
Shi fa. Kuma akwai wani a cikin gidan da yake kawo mana ziyara da damina, wanda kamanninsa da halinsa suka fi na hankaka kusa da na fantel: Terpsiphone viridis. Kai baƙi mai sheƙi, ido da zoben shuɗi, baya ja, namijin da wasu gasu biyu dogaye a wutsiya. Tsohon Gandun Daji zai fi ni sanin inda ake ganinsa.

Tsohon Gandun Daji:
Na san shi sarai Malama. Sai ruwa ya zauna, ganye ya rufe, sannan yake hawowa daga kudu. Ba ya son fili. A neme shi inda inuwa ta yi kauri, cikin mangwarorin bakin Gulbi, ko manyan itatuwan kewayen tabkin Madarumfa, ko can Baban Rafi. In damina ta ɗauke ya koma.

Sheƙarsa na taɓa tsayawa na kalla da kyau, cikin wani mangwaro, a rassa biyu siraran da suka rabu, ba ta fi tsayin mutum da hannu a miƙe ba. Ƴar ƙarama ce ƙwarai, zagayayya, an ɗaure ta da yanar gizo-gizo har ta yi santsi daga waje, an lilliƙa mata ƴan ɓawon itace yadda in ba ka ga tsuntsun ya shiga ba za ka ce kullin reshe ne. Namijin ya hau kwanci, jikinsa ya cika sheƙar, dogayen gasun nan suna reto a waje iska na kaɗa su. Da na matsa kusa sai macen ta taso mini da faɗa, tana wucewa dab da hulata. Na ja da baya na bar musu wurinsu.

Ɗalibi a Maleziya:
Salam iyayena da yayyena. Ni ina ganin fantel na gaskiya kusan kullum a nan. Irin na nan baƙi-baƙi ne da farin ciki da baƙin ɗamara a ƙirji, Rhipidura javanica. Yana cikin lambunan makaranta da bayan gidaje da bakin ruwa. Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne rashin tsoronsa. Akwai wata mussa da ke kwana ƙarƙashin matakalar gidan da muke haya. Lokacin da tsuntsayen nan ke da ƴaƴa a wata bishiya kusa, da ta fito tsakar gida sai su biyu su sauko mata. Ɗaya ya sauka gabanta, ya saki fukafukai ƙasa, ya baza wutsiya yana juyi hagu da dama yana tsawa, ɗayan ya zagayo ta baya ya tsakure ta a gadon baya. Ta juya, na gaban ya tashi ya kai mata nasa. Sai da ta shige ƙarƙashin mota suka ƙyale ta. Kuma in ana yankan ciyawa a fili, suna biye da mai yankan, duk ƙwaron da ya tashi sun cafke.

Malamar Kimiyya:
Haka ɗabi'arsu take ko'ina. A Niyu Zilan suna bin masu tafiya cikin daji, mutane su ɗauka ƙauna ce, alhali ƙwarin da ƙafa ke tayarwa suke bi. A Ostareliya akwai babbansu, wili-wagtel, mai kai santimita 21, baƙi da farin ciki da farar gira. Shi ya bambanta da sauran don ƙafarsa doguwa ce kuma yana kiwo a ƙasa, kusan yadda na darnin Baba yake yi. Yana bin shanu da tumaki, yana hawa bayansu yana jiran abin da za su tayar, har gashinsu yake tsinka ya shimfiɗa cikin sheƙa. Ga faɗa: yana korar gaggafa daga wajen sheƙarsa.

Manomin Tibiri:
Wanga aikin balbela ne ai, bin shanu. Amma ni zancen wutsiyar nan ban yarda ba. Don mi tsuntsu zai wahal da kansa yana buɗe wutsiya don ƙwaro? Yanga ce yake yi wa mace, kamar yadda zakara ke ja da fiffike gaban kaza. Masu boko komi sai sun nemo mishi dogon dalili.

Malamar Kimiyya:
Yaya, da yanga ce kawai, da namiji kaɗai zai yi, kuma da lokacin aure kaɗai. To mace na yi, namiji na yi, rani da damina, ko babu wani tsuntsu kusa. Galibinsu ma mace da namiji kamarsu ɗaya. Kuma an gwada abin. A Kosta Rika, cikin wani binciken da aka buga a 2002, wani mai bincike ya kama irin tsuntsayen can masu baza wutsiya mai fari, ya shafe farin da baƙin alƙalami a wasu, ya bar wasu yadda suke, ya sake su. Waɗanda aka shafe wa farin suka ci gaba da bazawa, amma ƙwarin da suke tayarwa ya ragu, abincin da suke kai wa ƴaƴansu ma ya ragu. Ƙuda da danginsa idonsu na saurin ganin abu mai fari da baƙi da ya buɗe farat ɗaya, sai su zabura su tashi. Tashin nan shi ne ajalinsu, don a iska tsuntsun ya fi su gwaninta.

A kan wili-wagtel ma an lura ya fi kaɗa wutsiya a inuwa ko ranar da hadari ya rufe. In rana ta take, inuwar jikinsa kaɗai ta isa ta tayar da ƙwari, sai ya rage kaɗawar.

Tsohon Gandun Daji:
Na yarda da Malama, amma kada a manta da tuƙi. Wanda ya taɓa kallon tsuntsu na bin ƙwaro a iska ya san ƙwaro ba ya tafiya miƙe. Sai an yi kwana, an yi birki, an juya baya cikin tazarar taku ɗaya, a tsakanin rassa. Wutsiya mai faɗi ce ke ba shi wannan. Fantel fukafukansa ba na gudun dogon zango ba ne irin na tsattsewa, na juyi ne. Kuma shi ma na Tibiri bai faɗi ƙasa ba, don in faɗa ya tashi ko neman aure, da wutsiyar suke nuna kansu. Ga ɗalibinmu ya faɗi yadda suka yi wa mussa.

Manomin Tibiri:
To ka ji. Ashe ina da rabona cikin maganar.

Hajiya ta Bagalam:
Sannunku da muhawara. Ni abin da ya tsaya mini zancen yanar gizo-gizon nan ne. Mu kullum cikin share ta muke da tsintsiya, ƙazanta muka ɗauke ta. Malama, da gaske da ita suke gini? Ta yaya abin da yaro ke tsinkawa da yatsa zai riƙe sheƙa?

Malamar Kimiyya:
Da gaske ne Hajiya, kuma a wurin fantel kusan ita ce ginin. Suna tattaro siraran ciyayi da zaren ɓawon itace, su murɗa su su yi ɗan ƙoƙo bisa reshe siriri, sannan su naɗe shi da yana, su bi da baki suna shafawa har waje ya yi sumul. Yanar tana da danƙo, ita ke manne sheƙar da reshen. Tana kuma miƙewa ba ta tsinke ba, shi ya sa in ƴaƴan suka girma suka cika wurin, sheƙar na ɗan buɗewa da su. Da yawa cikinsu suna barin wani jelan ciyawa yana reto ƙarƙashin sheƙar.

Ƙwai 2 zuwa 4 aka fi gani, masu fari-fari da ɗigo-ɗigo sun yi zobe. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci, wajen kwana 14 a ƙyanƙyashe, wajen kwana 13 ko 14 kuma ƴaƴan su bar sheƙa. Kin ga cikin wata guda an gama. Sai su sake. Na Niyu Zilan kan yi zubi har 4 ko 5 a shekarar da ta yi kyau, wani lokaci uban na ciyar da na farko uwar ta riga ta hau sabon ƙwai.

Wannan yawan haihuwar ita ce ke riƙe da su, don mutuwarsu ma da yawa take. Sheƙar a buɗe take, kusu da mussa da manyan tsuntsaye na kwashe ƙwai. Akwai kuma tsuntsayen da ke zuwa su saka nasu ƙwan a ciki su bar wa fantel reno. In sanyi mai tsanani ya sauka a Niyu Zilan, ƙwari suka ɓace kwana biyu uku, da yawa suke mutuwa, don jiki mai giram 8 ba shi da ajiya. Amma bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka ga sun sake cika wurin.

Ta cikin ɗaki dai a ci gaba da sharewa Hajiya. Ta jikin bedi da darni ita ce a bar musu.

Tsohon Gandun Daji:
Na darnin Baba da ɗan uwansa ja ba su da wannan tsaftar gini. Tasu sheƙar sako-sako ce, cikin ƙaya ko gindin kaba, kusa da ƙasa. Ta jan nan sau da yawa akan tarar da saɓar maciji a ciki.

Uwar Biyu:
Ni kam tsoro ya kama ni. Na taɓa karantawa wai tsuntsun nan in ya shiga ɗaki mutuwa yake kawowa. Gara da babu shi a nan.

Malamar Kimiyya:
Al'adar Mawori ce, mutanen asali na Niyu Zilan. Suna kiransa piwakawaka, kuma a wurin wasunsu shigarsa gida saƙon mutuwa ne. Yana cikin tatsuniyarsu ta gwarzonsu Mawi, wanda ya je ya kashe mutuwa tana barci, dariyar tsuntsun nan ta tashe ta, ta hallaka shi. Mutanen asali na Ostareliya kuma da yawa suna ɗaukar wili-wagtel a matsayin magulmaci, ba a sakin sirri in yana kusa, saboda yadda yake raɓar mutane yana karkata kai. Abin da ke shigar da shi ɗaki kuwa ƙuda ne da ƙananan ƙwarin da ke taruwa a taga.

Malam na Sabon Gari:
Ƴar uwa, ki kwantar da hankalinki. Wannan shi ne camfi, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore shi, har da camfin mujiya a cikin hadisi ingantacce. Ajali na hannun Allah, tsuntsu bai san ranar tasa mutuwar ba balle ta wani. Abin da ke damuna shi ne mu ma muna da irin wannan. Mujiya ta sauka bisa katanga, a taru a jefe ta, alhali kusan da ke cin hatsinmu a rumbu take kamawa da dare. A bar camfin Mawori ga Mawori, mu gyara namu.

Uwar Biyu:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri.

Ɗan Zariya:
To ni ga shawara. Tunda suna cin sauro da ƙuda, kuma suna haihuwa haka, me zai hana a kawo su Maraɗi? Ɗalibinmu ya zo mana da ko guda goma a keji. Damina ta yi, sauro ya hana mu barci, zazzaɓi ya cika asibiti. Ko ba a sake su ba ma, ni zan saya in ajiye, ya fi kanari kyau.

Ɗalibi a Maleziya:
Yaya, ko filin jirgi ba za su kai ba. Ba ya cin gero, ba ya cin tsaba kowace iri. Ƙwaro mai rai yake ci, a iska, tun asuba har magariba. A keji yunwa za ta kashe shi.

Tsohon Gandun Daji:
Ɗana, ko da za su kai, ni zan fara tsayawa in hana. Ɗauko halitta daga ƙasarta a kai wata ƙasa, dangin fantel ɗin nan sun fi kowa sanin ɗacinsa.

Akwai tsibirin Guwam a Tekun Fasifik, ƙarƙashin Amurka. A da suna da nasu fantel mai jan baya, suna kiransa cicirika. Bayan yaƙin duniya na biyu wani maciji mai hawan itace ya shigo cikin kayan soja. Tsuntsayen tsibirin ba su taɓa sanin irinsa ba, da dare yake bin rassa yana haɗiye ƙwai da ƴaƴa da iyaye. Kafin ƙarshen shekarun 1980 cicirika ta ƙare a Guwam, tare da kusan dukkan tsuntsayen dajin. A 2012 masu bincike suka fitar da ƙidayar yanar gizo-gizo, suka tarar da damina ta Guwam ta ninka ta tsibiran maƙwabta, inda tsuntsaye ke nan, har sau 40. Itatuwan dajin ma sabon tsiro ya ragu, don babu mai kai iri nesa.

Akwai kuma tsibirin Lod Hau, gabas da Ostareliya. A 1918 jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a bakinsa, ɓeraye suka sauka daga cikinsa. Cikin ƴan shekaru fantel ɗin tsibirin ya ƙare ƙaƙaf, shi da wasu irin tsuntsaye huɗu. Sai a 2019 aka yi gangamin kawar da ɓerayen, bayan shekara ɗari, amma wanda ya ƙare ya ƙare.

Waɗannan da kuskure suka shiga. Wanda aka kai da gangan don maganin ƙwari, irin shawararka, shi ne kwaɗon rake. A 1935 aka kai wajen guda 100 Ostareliya daga Hawai don su ci ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron yana sama, kwaɗon yana ƙasa, bai yi aikin ba. Ya hayayyafa ya zama miliyoyi, ga dafi a jikinsa, dabbobi da yawa in sun haɗiye shi sai su mutu. Har yau ana fama.

Malamar Kimiyya:
Kuma babu tsuntsun da zai kawar da zazzaɓin cizon sauro. Sauron da ke kawo shi da dare yake cizo, cikin ɗaki, lokacin tsuntsayen nan na barci. Gidan sauro da maganin rigakafin yara na damina, kada a sake su don wani tsuntsu.

Manomin Tibiri:
Ni dai ku yi mini haƙuri. Kuna ta yabon tsuntsu don ba ku kwana kuna tunanin gona ba. In jan baki ya sauka bisa gero lokacin da ya yi ido, cikin yini guda sai ya bar ka da zangarniya wofi. Ɗiyanmu tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa. Yaron da ya tashi haka, ka ce mishi kada ya harbi tsuntsu da danƙo?

Tsohon Gandun Daji:
Ɓarnar jan baki gaskiya ce, babu mai musu, na ga gonar da ya gama da ita. Amma a koya wa yaron duban baki. Mai cin hatsi bakinsa gajere ne mai kauri, na fasa tsaba, kuma a garke yake zuwa. Mai cin ƙwari bakinsa siriri ne ko mai faɗi, shi kaɗai yake yawo ko su biyu. Abin takaicin, danƙo ya fi samun na biyun, don shi ne ba ya gudun mutum, shi ne ke tsayawa bisa darni yana baza wutsiya. Jan baki dubu nawa yaro zai harbe? Amma mai cin ƙwari, in ya kashe biyu ya gama da na garkar gaba ɗaya.

Ƙasar Sin ta gwada kashe tsuntsaye don ceton hatsi. A 1958 aka sa jama'a duka su kashe gwara. Aka kashe miliyoyi, sai fara da tsutsa suka samu sarari, don gwara ma da ƙwari take ciyar da ƴaƴanta. A 1960 aka janye umurnin, lokacin ƙasar na cikin yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. Dalilan yunwar da yawa, amma wannan na cikinsu.

Kuma mu a nan mun riga mun yi rabin aikin ba mu lura ba. Ni na ga gonakin Maraɗi a farkon shekarun 1980, fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Sassaben zamani a nan ya fara, a 1983, da Toni Rinaudo, wanda shi kansa mutumin Ostareliya ne, da manoman da suka yarda suka bar kututture ya tofo. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. Gawo da kalgo da sabara da magarya da suka dawo gonaki, su ne wurin sheƙa da wurin tsayawar masu cin ƙwarin nan.

Manomin Tibiri:
Su ne kuma wurin saukar jan baki, Baba. Wanga ma a faɗe shi.

Tsohon Gandun Daji:
A faɗe shi, gaskiya ne, yana hutawa a kansu. Amma makwancinsa na dubbai yana can cikin ƙayoyi masu duhu da ciyayin bakin ruwa, kuma yana tafiyar kilomita da yawa zuwa gona. Ko ka sare gawon gonarka zai zo, sai dai ka rasa takin ganyen da inuwar.

Baba Mai Garka, Jiratawa:
To ni yanzu ga inda maganar ta same ni. Zogale muke nomawa, kuma tsutsa na cin ganye, in ba a yi feshi ba babu abin kaiwa kasuwa. Wasu duk sati suke fesawa. Malama, maganin nan yana taɓa masu cin ƙwarin?

Malamar Kimiyya:
Yana taɓa su ta hanya biyu Baba. Su ci ƙwaron da ya sha magani, ko kuma abincin ya ƙare musu gaba ɗaya lokacin da suke da ƴaƴa a sheƙa. Gizo-gizo ma yana mutuwa, shi da ƙananan zanzaron da ke kashe tsutsa, irin wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suke rabawa manoma a ƴan buhuna don tsutsar zangarniyar gero. In za a fesa, a fesa kan zogalen kaɗai, a bar darni da gindin kaba da itatuwan gefe. A duba ganye tukuna a ga tsutsar, kada a fesa don sati ya zagayo. A kiyaye kwanakin da aka rubuta jikin kwalba tsakanin feshi da yanka, wannan ma don masu cin zogalen ne. Ruwan ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa yana rage tsutsar ganye, kuma bai kai na kwalba illa ba.

Manomin Tibiri:
Ruwan bedi yana aiki, amma a hankali, kuma sai an maimaita. Mai kadada guda zai iya. Mai biyar fa, wa zai daka mishi?

Baba Mai Garka, Jiratawa:
Tawa ba ta kai kadada ba. Ƴaƴan bedi kuma ga su nan zube bakin hanya. Malama, ki rubuto mini awon, tiya nawa ga ruwa nawa, da kwana nawa ake jiƙawa. Zan gwada a fangali huɗu na gefen darni, sauran in bar su yadda muka saba, in yanka ya zo mu gwada ganyen.